Inda Salihu Yake Kamo Najil

Ku da kuke cewa aikina ba komai ba ne illa ihu, ban ƙaryata ku ba. Ihu ne. Na fara shi tun gashin kaina yana baƙi, da shi na yi aure, da shi na aurar, da shi na zauna gidan haya a unguwar Bagdadiyya har mai gidan ya rasu 'ya'yansa suka gaje ni tare da ginin. Rannan ɗan ƙanwata ya biyo ni kasuwar kifi, ya tsaya hannu a aljihu yana kallona, da muka tashi ya ce, "Khali, wannan ai ko jawwal zai iya." Khali kawu ke nan, jawwal kuma wayar hannu yake nufi. Na ce masa Allah ya sa. Tunda ku yanzu abin da waya ta faɗa shi ne gaskiya, bari in ba ku labarin lokacin da waya ta faɗi gaskiya tsagwaronta, ku ji yadda aka ƙare.

Dallalin kifi ne ni. Masunci ya shigo bayan asuba da abin da ya kamo, a jera a kan dakali, ni in tsaya tsakaninsa da masu saye in yi gwanjo, abin da mu a Jidda muke ce wa haraj. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zuwa hajji, bai koma ba. Ubana dako ya yi a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi. Ni kuma aka kai ni hannun Mu'allim Haruna, tsohon dallali, aka ce ya koya mini abin da ba sai na ɗauki buhu ba.

Aikin farko da ya ba ni fasa ƙanƙara ne. A kawo ta dogayen sanduna a kan amalanke, in sa guduma in farfasa, in zuba a kwanduna, hannuna ya mutu har in kasa ɗaure zariyar wando. Na daɗe a haka kafin ya yarda in taɓa kifi. Da ya yarda kuwa, kayan aikin da ya nuna mini ba su cika aljihu ba: ƙugiyar jan kwando, wuƙa ƙarama, sai babban yatsa da hanci, waɗanda na zo da su daga gida. Ka danna cikin kifi da yatsa, in naman ya taso ya koma yadda yake, na yau ne; in ramin ya zauna, ya kwana. Ka ɗaga kunnensa ka duba jan da ke ciki, sannan ka shinshina, domin akwai masu shafa wa kunnen jini, amma har yau ba a sami mai shafa wa hanci ba. Ihun da kuke gani shi ne na ƙarshe da aka koya mini, shi ne kuma mafi sauƙi.

Gwanjon farko da na yi ni kaɗai na kusa jawo faɗa. Ashe masu saye ba da baki suke tayi ba. Wani gira yake ɗagawa, wani ya gyara mayafin kansa, wani ya juya maka baya kamar zai tafi, wannan juyawar ita ce tayinsa. Ni ina jiran a yi magana, su kuma sun gama ciniki da fuska. Akwai wani mai gidan abinci a Bab Makka da tari yake tayi. Shekara da shekaru muna fahimtar juna, sai ranar da mura ta kama shi na sallama masa kusan rabin dakalin. Ya biya, don mutum ne mai kunya, amma ya yi wata bai gaishe ni ba.

Abin da ya sa Mu'allim ya murɗe mini kunne kuwa daban ne, kuma shi ne tushen wannan labarin. Al'adar kasuwa ce in masunci ya sauke kaya a ce masa, "Daga ina yau?" Shi kuma ya ambaci wani sha'ab, wato irin duwatsun murjanin nan da ke ƙarƙashin ruwa inda kifi ke taruwa. Kowa ya ce masha Allah, a wuce. Ni da na ji an faɗi sunan wuri sai na ɗauka labari ne, na je na shaida wa wani masuncin, ina ganin na yi masa alheri. Mu'allim ya ja ni bayan kwanduna ya ce tambayar gaisuwa ce, amsar kuma ƙarya ce, mai tambaya ya sani, mai amsawa ya san ya sani. Wurin kamun mutum shi ne gonarsa, kuma gona ce da ba ta da shinge. Abin da kawai ke tsare ta shi ne kada a san inda take. Masuncin da ya faɗi ainihin wurinsa, a wurinmu ba mai gaskiya ba ne, mai taɓin hankali ne.

A wannan fannin ban ga wanda ya kai Salihu ba. Lungu ɗaya muka tashi da shi, ni na tsaya a tudu, shi ya bi ubansa teku. Jirginsa ƙarami ne, da ƙugiya da zare kawai yake su, bai taɓa shimfiɗa taru ba. Amma najil ɗin da yake kawowa, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi da ake sa wa baƙo na musamman, ba a ganin irinsa a kwandon kowa. Wurin gado ne. Ubansa ya nuna masa sau ɗaya, ranar da ya miƙa masa jirgin. In ka tambaye shi daga ina, amsarsa ɗaya ce tun muna samari: "Sha'ab Sukkar." In ya ga an biyo shi, sai ya nufi Sukkar ɗin da gaske, ya jefa anka, ya dafa shayi, ya yini yana kallon sama har masu binsa su gaji su juya. Ɗansa Nasir ma bai sani ba. Nasir motar ɗaga kaya yake tuƙawa a sito-siton tashar jiragen ruwa, kuma Salihu ya ce zai nuna masa wurin ranar da zai ba shi makullin injin, ba kafin nan ba. Haka aka yi masa, haka zai yi.

Sai mummunar shekara ta zo. Ba rana ɗaya ta faɗo ba, mun daɗe muna ganin kifin yana ƙanƙancewa a kan dakali muna cewa iska ce. Akwai watannin da aka hana kama najil don ya zuba ƙwai, amma sai ka ga an shigo da shi ta bayan fage, ka tsaga cikinsa ka tarar da ƙwai fal. Akwai masu taru mai ƙananan idanu da ke share teku har da 'ya'yan da ba su kai tafin hannu ba. Ga kuma na ƙasashen waje da ake narkar da ƙanƙararsa a yayyafa masa ruwan gishiri. A kasuwarmu kowane kifi baladi ne, ɗan gida, har wanda ya zo a jirgin sama ya fi ni ganin duniya. A shekarar nan masu ƙananan jirage suka riƙa dawowa da kwando ɗaya, wani lokaci ba komai. Dallalai da yawa suka koma tuƙin haya. Na sha tsayuwa a gaban dakali da muryata lafiya lau, babu abin da zan yi wa ihu.

Daga nan hukuma ta kawo sabon nizami, wato sabon tsari. Kowane akwatin kifi sai an manna masa bitaƙa, ɗan kati mai ɗauke da sunan jirgi, da ranar kamu, da irin kayan da aka kama da shi, da wurin da aka kamo. A jikinsa akwai barkod, duk wanda ya ɗora waya a kai zai karanta, daga mai binciken hukuma har matar da ta zo sayen na miya. Kifin da ba shi da asali ba ya shiga gwanjo. Ni dai na yi murna, ba zan ɓoye ba, domin na gaji da sayar da ƙwan shekara mai zuwa. Wanda ya fara cika sharuɗɗan tsaf kuwa wani mai motocin sanyi ne da muke kira Abu Barrad, wanda duk kasuwa ta san ta inda kayansa ke shigowa. Ya ɗauki ma'aikaci musamman don katunan, nasa sun fi na kowa kyau. An kama shi daga baya, dokar ta yi aikinta. Sai dai ba shi ta fara kamawa ba.

Ranar da Salihu ya fara sauke kaya a ƙarƙashin sabon tsarin, akwai ma'aikaci a bakin ruwa da na'ura a hannu. Ya tambaye shi sunan jirgi, ya faɗa. Ya ce daga ina? Salihu ya ji an gaishe shi, ya amsa gaisuwa: Sha'ab Sukkar. Ma'aikacin ya rubuta. Abin da Salihu bai kula ba shi ne an riga an rufe Sukkar, an mai da shi wurin da aka hana su gaba ɗaya don kifi ya farfaɗo. An yi sanarwa, an maimaita. To me zai sa ya saurari sanarwa a kan wurin da bai taɓa yin komai a cikinsa ba sai shan shayi?

Ina tsakiyar gwanjon kayansa, mai tarin nan ya fara gyaran murya, sai mufattishi, mai binciken, ya ɗora wayarsa a kan akwatin ya ɗaga mini hannu. Aka janye kifin. Aka dakatar da rukhsar Salihu, wato lasisinsa na fita teku. Shaidu kuwa ba a sha wahala ba wajen nemansu. Duk kasuwa ta ji shi da bakinsa yana cewa Sukkar tun kafin a haifi mufattishin, rabin masunta kuma sun gan shi a can da idonsu ya jefa anka.

Ni Salihu ya ɗauka shaidarsa zuwa ofis. Mufattishin saurayi ne mai ladabi, ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwa, yana kiran Salihu ya walidi, wato babana. Ya yi mana bayani da Larabci a natse: ko dai an yi su a wurin da aka hana, wannan kuwa rukhsa ta tafi ke nan, ko kuma an ba da bayanin ƙarya, wannan tara ce kawai in an gyara. Sai ya juyo gare ni ya ce me na sani game da mutumin nan.

Na ce, "Na san shi tun muna yara. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya kamu a watan hani. Amma wallahi bai taɓa faɗin gaskiya a kan inda yake kamo kifi ba, ko sau ɗaya."

Ya ce in aka rubuta zan sa hannu? Na ce da hannu biyu ma. Na waiga na ga Salihu yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da jin daɗi, kamar an karanta masa takardar yabo. Ban taɓa tsammanin zan yi wa aboki alheri ta hanyar rantsewa maƙaryaci ne ba, amma aikin dallali ya ƙunshi abubuwa da yawa da ba a faɗa maka ranar farko.

Mufattishin ya ce madalla, ya yarda. Saura abu ɗaya: a faɗi wurin gaskiya, su je su gani, a sa a kati. A lokacin ba a kai ga sa wa ƙananan jirage na'urar bibiya ba, don haka bakin Salihu kaɗai ne hanya. Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya tambaya wa zai ga abin da aka rubuta. Saurayin bai yaudare shi ba, ya ce duk mai waya. Salihu ya miƙe, ya yi godiya, ya sa takalminsa ya fita, na bi shi a baya.

Jirgin ya zauna a ɗaure. Salihu ya yi masa fenti, ya bushe, ya sake yi masa wani. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a kan akwatin da ke gefen dakalina yana kallon kifin wasu, in an kawo najil ƙarami ya kau da kai. Ba shi da wata sana'a, bai iya zaman gida ba. In ya yi shiru ya rasa teku, in ya yi magana ya rasa abin da yake zuwa nema a tekun. Na ce masa ya ambaci wani wurin daban mana, ya ce za su bi shi su gani, kuma ba zai iya ciro irin kifinsa a inda babu shi ba. Halas, shi ke nan, na daina ba da shawara.

Wata safiya bayan an tashi gwanjo ya ce in raka shi. Muka koma ofishin. Ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Sannan ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa: "Sha'ab Miskin."

Saura kaɗan in yi dariya. Miskin wuri ne da ko sabon shiga ya san ba a zuwa: ba kifi, sai duwatsu masu fasa cikin jirgi. Haka muka taso muka ji. Sai a lokacin na tuna daga bakin wa muka fara jin haka, daga bakin uban Salihu ne, yana faɗa yana girgiza kai kamar mai jimami. Dariyar ta koma. Na dubi abokina na ga kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa, tausayinsa ya kama ni sosai. Masu binciken suka fita da shi a jirginsu, ya bi da su ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsun, ya jefa ƙugiya a gabansu ya ciro abin da ya saba cirowa. Ya biya tara, aka mayar masa da rukhsa.

Ranar da kayansa suka dawo dakali da sabon kati, ban taɓa ganin masunta sun damu da karatu haka ba. Tsofaffin da ba su iya buɗe waya ba suka ba jikokinsu su buɗe musu. Salihu yana tsaye gefe kamar mai jiran hukunci. Rayyis Jabir, wani mai jirgi wanda ya fi kowa ƙona mai wajen bin sa a teku, shi ya fara karantawa. Yana gamawa ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Miskin! Ya jama'a, mutumin nan har hukuma ya yi wa. Mu ya ba mu Sukkar, su ya ba su Miskin."

Ya rungume Salihu ya sumbaci kansa, ya ce shi dai ya sallama, gwani gwani ne. Aka ce ai masu bincike sun je sun gani; Jabir ya ce sun ga abin da aka kai su su gani, wa ya san ko da kifin ya tafi a ƙarƙashin katako. Wasu suka zagayo wurina a asirce suna tambaya ko gaskiya ne. Na ce ni na riga na sa hannu a kan halinsa a ofis, ba ni da ƙari. Ba wanda ya je. Wa zai kai jirginsa cikin duwatsu a kan maganar Salihu?

Haka aka ci gaba. Kullum gaskiya na manne a jikin akwatinsa, da barkod, kowa na karantawa yana murmushi. Kifi ya fara dawowa kasuwa a hankali bayan an matsa wa masu tarun, nasa kuwa ya fi na da. In aka ce masa daga ina yau, sai ya nuna katin da haɓa ya ce a karanta, ai yanzu zamanin nizami ne.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ba da sanarwa ba. Ya faɗi a ƙofar gida yana shirin fita, harshensa ya riƙe, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Makullin injin yana aljihunsa.

Bayan an share makoki Nasir ya bar aikin sito, ya sa aka mai da rukhsar da sunansa. Ya same ni ina wanke dakali, ya jira har mutane suka ragu, ya matso kusa. Ammi yake ce mini, wato baffa.

"Ammi, kai ne ka shiga ofis da shi. Ina wurin Baba yake?"

Na ɗauko wani tsohon akwatin ubansa da katin bai ɓare ba, na nuna masa. Ko kallonsa bai yi ba.

"Ammi, wannan na fi ka karanta shi. Na gaskiyar nake tambaya."

Na ce masa wallahi shi ne. Na gaya masa yadda ubansa ya faɗi sunan yana kallon ƙasa, da 'yar kafar da ke tsakanin duwatsu, da wanda ya fara baza labarin cewa ba kifi a can. Ya saurara har na gama, yana murmushi irin na Salihu sak.

"Haka ka ce wallahi a ofis, cewa bai taɓa faɗin gaskiyar wuri ba. Wacce zan ɗauka?"

Ya kama kaina ya sumbata, idonsa ya kawo ruwa, ya ce Baba ya yi dacen aboki, ko bayan ransa ban tona shi ba. Ya ce kada in damu, zai nemo da kansa.

Yana nan yana nema. Ya bi kudu, ya bi arewa, yana kawo abin da ya samu, ƙananan kifin da ba su cika akwati ba. A katinsa yana rubuta ainihin inda ya je, don yaron kirki ne, yana tsoron doka. Amma ya koyi al'adar kasuwa, ya san ana buƙatar amsar gaisuwa, ya kuma zaɓi wadda yake ganin gadon gidansu ce. Kullum in ya sauke kaya nakan ce, "Daga ina yau, Nasir?"

Sai ya kashe mini ido ɗaya ya ce, "Sha'ab Miskin, Ammi."

Ni kuma in ce masha Allah, in fara ihu.